Matakalar da Na Cire a Dubai

Ni ban yi boko ba, kun sani. 'Yata Rahila ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na ce mata kada ta yi wa maganata kwalliya. Akwai zancen da ya daɗe yana yawo a garin nan, wai an koro ubanku daga Dubai saboda ya yi ɓarna a kayan mutane. Wasu sun ƙara nasu sun ce sata ce. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Amma ku 'ya'yana ne. Kai kuma Ayuba, kai ne ka ɗauki nauyin abin da na yi, shekara biyu kana gida abokanka suna makaranta, don haka kai ka fi kowa cancantar ji daga bakina. Gaskiya ne na kwance kayan mutane. Gaskiya ne an kore ni. Ga yadda aka yi.

Sai na fara da yayana Ishaya, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Mu haƙar rijiya muka gada. Ubanmu yana da doka guda da ba ya wasa da ita: ba a saukar da mutum rami sai an fara saukar da fitila. A ɗaura ta a igiya, a zura a hankali. In ta kai ƙasa tana ci, a shiga. In ta mutu, akwai muguwar iska, kuma muguwar iska ba ta tashi sama, kwanciya take yi a ƙasa kamar ruwa. To a nan ba a tsayawa gardama da mai rijiya. Ka naɗe igiyarka, ka ɗora ƙaya a bakin ramin, ka zauna a wurin har kowa ya sani. Wata rana aka kira mu yasar wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye bayan Ikara. Muka isa muka tarar kananzir ɗinmu ya zube a hanya, mai rijiya kuma yana ta gaggawa. Ishaya ya ce gaba shida ce kawai, bari ya leƙa ya fito. Ni na riƙe masa igiya. Bai yi ihu ba, wannan iskar ba ta barin mutum ya yi ihu. Ya sunkuya zai cika guga, sai ya zauna kamar mai hutawa. Da hannuna na jawo shi. Ina da shekara goma sha tara. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Da injin burtsatse ya shigo ƙasarmu, sana'armu ta mutu muna kallo. Na yi dako, na yi leburanci, har wani ɗan cocinmu ya samo mini hanyar Dubai ina da furfura a gemu. Can na faɗa wani kamfani da ke kafa rumfuna da dandamali in za a yi taro. Lokacin sanyi shi ne kakarmu, don a lokacin garin ke cika da bukukuwan masu fasaha. Wanda ya fi ba mu wahala a wata unguwa ta tsofaffin sito-sito ake yin sa, kwana goma ana baje zane da sassaƙa a fili, kowa ya shigo ya gani kyauta. Na ga abubuwa. Na rataye tsohuwar mota tayoyinta na kallon sama. Na jera silifa ɗari bakwai a kan yashi, wani Bature yana bi na yana cewa wannan ya karkace. Na shafe bango da farin fenti, wata mata ta hau ta zana raƙumi mai fukafukai, bayan sati biyu aka ce in sake shafewa. Ban raina aikin ba. Wanda ya ɗauke ni in ɗaure masa noti, zan ɗaure yadda ba zai kwance ba. Amma in aka tambaye ni ma'anar abin, sai in ce a tambayi mai shi.

A wata unguwa da ake kira International City nake kwana, ɗaki ɗaya mu huɗu. Wanda za ku riƙe a cikinsu shi ne Alhaji Tanimu, Bakano ɗan kago. Yana sayen kaya a babbar kasuwar 'yan China da ke gefenmu, ya cika kwantena ya aika gida. Shi Musulmi, ni Kirista, tukunyarmu ɗaya. Shi Bakano, ni Bazazzagi, don haka rana ba ta faɗuwa bai kira ni bawansa ba, ni ma ban bar masa ba.

A shekarar da ta gabaci korona aka ba mu aikin wata Balarabiya 'yar ƙasar, sunanta Laila. A tsakiyar filin bikin akwai wani tsohon tankin ruwa na siminti a ƙarƙashin ƙasa, zurfinsa gaba biyu da rabi, faɗinsa ya kai ɗakin nan sau biyu. Ta sa aka fasa masa baki zagayayye, aka gina shi kamar bakin rijiya, aka kafa ƙarfe a sama aka rataye guga. Muka kafa matakalar ƙarfe kashi uku, ni na ɗaure kowane noti. Tsarinta shi ne mutum ya sauka ya zauna a ƙasa, ya saurari muryoyin wasu tsofaffin mata da ta bi gida-gida ta ɗauko, suna ba da labarin yadda suke zuwa ɗiban ruwa kafin a samu man fetur. A maimakon ruwa kuwa, farin hayaƙi ne zai kwanta a ƙasan. Shi ne aiki na farko a garin nan da na gane ba tare da an yi mini bayani ba. Ranar da aka rataye gugan, na ga ɗaurin da aka yi masa, irin wanda yara ke yi wa akuya. Na kwance na sake. Ashe tana tsaye a bayana. Larabcina na bakin aiki ne, guntu-guntu, amma mun fahimci juna.

"Ammi, a ina ka koyi wannan ɗaurin?" in ji ta. Ammi shi ne baffa a bakinsu.

"Aikina ne. Rijiya."

"Kai mai haƙar rijiya ne? Wallahi haka kakata take ɗaure nata!"

Daga ranar, in ta shigo da safe sai ta gaishe ni da sunana a gaban kowa.

Hayaƙin nan ga yadda ake yin sa. Akwai wata irin ƙanƙara busasshiya da ake kawowa a akwati, ba a taɓa ta sai da safar hannu. In aka jefa ta a ruwan zafi ba ta narkewa ta zama ruwa, hayaƙi take zama, fari, mai sanyi, ya bi ƙasa ya kwanta. Saboda ita aka sa fanka mai zuƙo iska daga ƙasan tankin. Aka kuma rataye wata na'ura ruwan ɗorawa, kamar wayar hannu, a jikin matakala ta can sama, aka ce za ta yi kuka in iska ta ɓaci. Jajiberin buɗe biki aka yi gwaji. Laila ta sauka, ta tsaya ta saurara, ta fito ta ce ƙarar fanka tana danne muryar tsofaffin, kuma tana kwashe hayaƙin. Aka kashe fanka. Da yamma za mu tashi, helmanmu, wato shugaban leburori, ya aike ni in ɗauko sifanar da aka manta a ƙasa. Na sauka lafiya. Na sunkuya. Wani abu ya soke ni a hanci kamar na shaƙi lemon kwalba, kaina ya sara, ƙirjina ya fara neman numfashi. Na miƙe tsaye, ya sake ni. Na ƙara sunkuyawa da gangan. Ya dawo. Na sa sifana a aljihu, na hau na sami helma. Ɗan Indiya ne, mutumin kirki, amma yana tsoron na sama da shi fiye da yadda yake tsoron mutuwa.

"Oga, iska ba kyau a ƙasa."

Ya nuna mini na'ura da yatsa. "Ka ga kore? Kore lafiya ke nan. Injiniya ya sa hannu. Yalla, mu tafi, mota na jira."

"Na'ura tana sama. Mugun abin yana ƙasa."

"Yohanna, kai injiniya ne? Khalas, zance ya ƙare!"

Na nemi Laila, na hango ta 'yan jarida sun kewaye ta, mai gadi bai bar ni na matsa ba. A cikin motar komawa na ji ana karanta tsarin gobe. Ƙarfe tara na safe, baƙi na farko 'yan firamare ne, aji guda, za a zaunar da su a ƙasan tankin su saurari labarin kakanninsu. Ban yi boko ba, amma wannan lissafin na iya. Babba a tsaye, hancinsa yana saman hayaƙi. Yaro a zaune, hancinsa yana ciki.

Da magariba Alhaji ya idar da salla muka zauna cin tuwon semo da miyar kuka. Na kasa kai loma.

"Bazazzagi, yau wa ya mutu? Ka sa tuwo a gaba kana yi masa wa'azi."

Na faɗa masa duka.

"Tsaya, tsaya. Mutanen da suka gina bene ya shige gajimare, su za ka koya wa rami?"

"Bene daban, rami daban."

"To ai ka faɗa wa helma. Ka sauke nauyi. Ci tuwonka, bawana."

"Ranar Ishaya ma na faɗa. Na ce mu jira a samo kananzir. Na faɗa, sannan na riƙe masa igiya."

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. In Alhaji ya bar wasa, da sunana yake kira na.

"Malam Yohanna, saurare ni. Nan ba Ikara ba ce. Bizarka a hannunsu take. Ka yi magana, ka yi ihu in ka ga dama, ka tare wani babba a ƙofa. Amma kada ka taɓa musu kaya. Wuta kuwa, ko sunanta kada ka ambata. Ka san yadda suke da wuta a garin nan."

"Ba ni gwangwanin madararka."

"Inna lillahi. Da bango nake magana tun ɗazu?"

"Da bawanka."

Ya miƙe ya ɗauko gwangwanin. Sannan ya juye sauran madarar a kofi, ya wanke gwangwanin da kansa, ya huda shi da ƙusa gefe biyu ya miƙo mini. A kicin akwai guntun kyandir da ya rage mini tun Kirsimeti. Na kafa shi a ciki, na sa a jaka. Sannan na fita baranda na kira uwarku.

"Saratu, in aikin nan ya ƙare na dawo gida, za ki iya?"

"Me ka yi, Maigida?"

"Ban yi ba tukuna."

"Ayuba fa? Saura shekara biyu ya gama."

"Na sani."

Uwarku ba ta yawan tambaya, amma in ta yi sai ta sami wurin.

"Rami ne?"

"Rami ne."

"To Ubangiji ya riƙe ka. Ka yi abin da za ka iya barci bayansa."

Washegari muka isa bakwai da rabi. Ƙarfe takwas ma'aikata biyu suka sauka suka zuba ƙanƙarar a ruwan zafi, suka hau da sauri. Na yi kamar ina share bakin rijiyar har hayaƙi ya kwanta sosai. Na ari ashana wurin direbanmu. Da farko na zura gwangwanin ba wuta har ya taɓa ƙasa, na yi ƙulli a zaren. Na jawo, na kunna kyandir, na sake zurawa yadda ubana ya koya mini, kaɗan-kaɗan, ba girgiza. Gaba ɗaya, yana ci. Gaba ɗaya da rabi, yana ci. Daga nan wutar ta fara ƙanƙancewa, ta koma shuɗiya, ta mutu. Na danne zaren da babban yatsa a inda ta mutu, na auna zuwa ƙullin. Daga ƙasa har cibiyata. Na sake yi, haka. Ina cikin na uku na ji gudu a bayana. Na manta cewa a garin nan ko tari ka yi akwai kyamarar da ta gani. Masu gadi biyu suka fizge gwangwanin, helma yana biye da su yana haki.

"Wuta? Wuta a wurin biki? Yohanna, ka haukace?"

"Ta mutu a ƙasa. Sau uku."

"Danshi ne ya kashe ta! Raɓa ce kawai!"

"Na san raɓa. Wannan ba raɓa ba ce."

Masu gadi suka tafi da gwangwanin wurin shugabansu. Helma ya juya mini baya yana waya da ofis, kuma a cikin duk abin da yake faɗa babu maganar iska, maganar wuta ce kawai. Laila ba ta iso ba, tare da yaran za ta zo. Na duba ƙofar fili, sai ga motar makaranta ruwan ɗorawa tana shigowa. A Dubai babu ƙayar da zan ɗora a bakin rami. Amma sifana tana aljihuna tun jiya, kuma kashin matakala na sama noti takwas ne ke riƙe da shi, ni na ɗaure su. Na kwance igiyar guga, na ɗaure matakalar da ita, na wuce da igiyar ta kan ƙarfen sama, na naɗa a kuguna. Na kwanta rub da ciki na fara kwancewa. Ina na shida helma ya juyo.

"La! A'a, Yohanna! Don Allah, ina da iyali!"

"Ni ma ina da su. Matsa, in ka taɓa ni ƙarfen nan zai faɗa."

Ya tsaya, don ya ga gaskiya ne. Na kwance na takwas, na miƙe na ja. Nauyinta ya kai na mutum biyu, amma na taɓa jawo abin da ya fi ta nauyi a zuciya. Na fito da ita, na gitta ta a bakin rijiyar, na hau kai na zauna.

Yaran suka taho a layi, biyu-biyu, sun riƙe hannun juna. Na ƙirga su, ashirin da shida. Wata ƙarama mai wawulo ta ɗaga mini hannu, ta ɗauka ni ma ina cikin abin kallo. Sai ga Laila ta ratso su da gudu. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Ammi! Me ka yi mini? Shekara biyu ina wannan aikin!"

"Iska ta mutu a ƙasa. Yara za su zauna, ba za su tashi ba."

"Na'ura ta ce lafiya!"

"Na'ura tana sama."

Ta dubi ramin. Ta dubi na'urar, ga ta nan a jikin matakalar da na cire, kusa da ƙafata, tana nuna korenta. Ta durƙusa ta ciro ta, ta miƙo mini tare da bakin igiyar guga.

"Ɗaure mini. Irin ɗaurin kakata."

Na ɗaure. Ta zura da hannunta. Na'urar ba ta ma kai inda kyandirina ya mutu ba ta fara kuka, irin kukan da ke shiga haƙori, jan haske yana walƙiya a cikin farin hayaƙi. Duk filin ya ji. Yaran suka toshe kunne suna dariya. Laila ta zauna a ƙasa da abayarta, igiya a hannu. Malamarsu ta gane, ta juya da su wajen motar da ke rataye.

To a nan ne na ga wautata, kuma ita ce abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na'urar nan tana gabana tun jiya. Ƙugiya ɗaya ke riƙe da ita. Da na cire ta na ɗaura a zare na zura tun da yamma a gaban helma, da ta yi kukanta, da an kunna fanka, da ba kyandir, ba sifana, ba wanda zai ce na karya doka. Na san inda mugun abin yake kwance, na faɗa da bakina har sau biyu cewa na'ura tana sama. Amma bai taɓa zuwar mini in saukar da ita ba, don ban yarda da ita ba. Ubana fitila ya saukar, ni ma wuta na nema. 'Yar da ba ta taɓa haƙa rami ba ita ta haɗa sanina da kayansu cikin minti ɗaya. Ni na kwana da abin a raina ban haɗa ba.

Aka tsare ni a wani ɗan ɗaki har la'asar. Laila ta hana a kira 'yan sanda. Amma rahoton wuta ya riga ya tafi, da hotona a durƙushe ina ƙyasta ashana. Bayan kwana biyu manajan kamfani ya kira ni. Bai yi mini tsawa ba, har shayi ya sa aka kawo.

"Abin da ka gani gaskiya ne, habibi," in ji shi. "Amma masu biki sun ce ba za su ƙara aiki da kamfanin da leburansa ke kunna wuta yana kwance kaya da ra'ayin kansa ba. Ko kai, ko mu duka."

"Injiniyan da ya sa hannu fa?"

"Wannan ba maganarka ba ce."

"To ba ni takarda."

Na dangwala yatsa. Aka soke bizata, aka ba ni wata guda in bar ƙasar. Laila ta je ofishin sau biyu, ba su saurare ta ba. Ta nema mini aiki a wurare uku, duk suka duba shekaruna da rahoton suka ce a yi haƙuri.

Ana kwana biyar da buɗe bikin, Alhaji ya ce in sa kayan coci mu je.

"Shekara huɗu kana shiga ta ƙofar baya. Yau ta ƙofar mutane za ka shiga, ni zan riƙe maka jaka."

Muka je. Ba a mayar da matakalar ba. Tana nan a gicciye a bakin rijiya yadda na ajiye ta, an dai kafe ta kada ta motsa. Ba mai sauka. An kunna fanka, an ƙara wa muryoyin ƙarfi, tsofaffin suna magana daga can ƙasa, mutane sun kewaye bakin sun sunkuyar da kai suna saurare, kamar yadda ake yi a rijiyar gaske. An yi layi ana ɗaukar matakalar hoto. Wani Bature mai ƙaramin gemu yana ta yi wa matarsa bayani da hannu.

"Alhaji, me yake cewa?"

Ya kasa kunne, sai ya riƙe ciki. "Wai matakalar nan ita ce zuciyar aikin. Wai tana nufin hanya ta yanke tsakanin 'yan yanzu da kakanninsu. Wai mai fasahar tana da zurfin tunani."

"Noti takwas ne kawai."

"Rufe baki, bawana! Ashe da babban mai fasaha nake cin tuwo ban sani ba. Bari in gaya masa ga mai zurfin tunanin nan an kore shi."

"In ka yi, sai na zura ka a ramin."

Laila ta hango mu ta zo. Ta riƙe hannuna da hannu biyu a gaban mutane, abin da matansu ba sa yi. Ta ce ita ta kashe fanka, kuma ba ta barci tun ranar. Na ce mata ta yi barcinta, ba wanda ya mutu. Ta ce za ta sa sunana a allon da ke gefen aikin. Na ce ba na buƙata, amma in dole ne ta rubuta Ishaya. Ba ta tambaye ni ko wane ne ba, ta dai sa na maimaita har ta iya faɗa. Sannan ta ba ni wani ƙaramin kwali. Na'urar ce. Ina cikin jirgin dawowa tana aljihun rigata. Daga baya Alhaji ya turo wa uwarku hoton allon, Rahila ta karanta mini. Sunan yana nan, da Larabci da Turanci.

Sauran kun gani da idonku. Na dawo ba shiri. Ayuba, ka bar makaranta a Zariya ka koma gyaran waya a bakin kasuwa, kuma sai da ka shekara kana gaishe ni ba ka duban fuskata. Ban ga laifinka ba. Ka ji ana cewa ubanka maɓarnaci ne, ni kuma na yi shiru. Kun ɗauka girman kai ne. Akwai shi, ba zan musa ba. Amma abin da ya fi shi yawa kunya ce, don in na ba da labarin matakala dole in ba da na kyandir, kuma ban shirya in ce wa ɗana na yi wauta ba.

Yanzu na shirya, don haka saurara, sau ɗaya zan faɗa. Matakala, ko gobe zan sake cirewa. Na ƙirga kawunan nan ashirin da shida, kuma a kan wannan ba na neman gafarar kowa, ko kai, ko kamfani. Amma kyandir laifina ne. Taurin kaina ne ya ci maka shekara biyu, ba Larabawa ba, ba helma ba. A kan wannan ka yafe mini.

Har yanzu akan kira ni yasar rijiya a ƙauyukan da burtsatse bai kai ba. Ba na iya sauka, ƙafa ta gaji, amma ba mai sauka sai na gwada. Igiya ɗaya nake zurawa, fitila a ɗaure, na'ura a ƙasanta. Na gwada ya fi a ƙirga, kullum na'ura tana riga fitila magana. Ubana bai san wannan ba, ni ma sai da na rasa aiki na sani. Kai kake canja mata batir duk shekara, Ayuba, kuma ba ka taɓa tambaya ta inda na samo ta ba. Yanzu ka sani.

Rahila, ajiye biron haka nan. Je ki kira mini yayanki.